Kamfani a Tsibiran Karibiyan: Rajistar Ba Wuya, Abin da Ke Biyo Baya Ne Aikin

Tallan buɗe kamfani a tsibiran Karibiyan ya ishe ni a waya kwanan nan, ko'ina na leƙa sai hoton ruwa shuɗi da farin yashi da bishiyar kwakwa, a ƙasa an rubuta wai mallaki kamfaninka cikin awa 48, babu haraji, babu wanda zai san sunanka. To maganar awa 48 ɗin kam gaskiya ce, in takardunka sun cika wani lokacin ma ba ya kaiwa haka. Sauran alkawura biyun ne nake so mu ɗan zauna a kansu, don gaskiya ni a ganina masu tallan nan kayan shekara 20 da suka wuce suke sayarwa mutane a farashin yau.

Bari in ɗauki tsibiran Virgin na Birtaniya, waɗanda 'yan harkar ke ce wa BVI kawai, tunda su ne uwa ma ba da mama a wannan sana'a. Yanki ne da ke ƙarƙashin Birtaniya, babban garinsu Road Town a tsibirin Tortola, dalar Amurka suke kashewa, mutanen wurin gaba ɗaya ba su wuce dubu 30 da 'yan kai ba, amma kamfanonin da ke raye a rajistarsu sun haura dubu 300. Ka lissafa da kanka, kowane mutum ɗaya har da jariri sai ya tashi da kamfani kusan 10. Kuma ba tsautsayi ba ne ya kawo haka, shiri ne. A farkon shekarun 1980 Amurka ta soke yarjejeniyar harajin da ta shafi tsibirin saboda ta ga mutanenta na bi ta nan suna rage abin da za su biya, sai lauyoyin wurin suka zauna da gwamnati suka fito da wata doka a 1984 wadda ta ce duk baƙon da ya yi rajistar kamfani a nan, muddin ba a cikin tsibirin yake kasuwancinsa ba, ba ruwansu da ribarsa, ya dai biya kuɗin rajista duk shekara. Da farko abin tafiyar hawainiya yake, sai Amurka ta mamaye Panama a Disambar 1989 don kama Noriega, sojan da ke mulkin ƙasar, masu ajiye kamfanoni a Panama suka tsorata suka kwaso kayansu zuwa Tortola, sannan ga attajiran Hong Kong da hankalinsu bai kwanta ba da mayar da birnin hannun Sin a 1997, su ma suka yi ta buɗewa. A 2004 aka sake sabuwar dokar kamfanoni wadda ita ake aiki da ita har yanzu da 'yan gyare-gyare.

Yadda ake buɗewa ɗin ba wani sirri a ciki. Kai da kanka ba za ka iya zuwa wurin rajista ba, ko ka hau jirgi ka sauka a tsibirin ba za su karɓi takardarka ba, dole sai ta hannun ejan mai lasisi wanda ofishinsa yake can, shi ne zai shigar da komai ta kwamfuta, kuma adireshin ofishinsa shi ne zai zama adireshin kamfaninka. Yawancin shafukan da kake gani suna talla ma ba su ne ejan ɗin ba, dillalai ne da ke zaune a Dubai ko Hong Kong ko Landan, su karɓa a hannunka su miƙa wa mai lasisin su ɗora nasu a kai. Za ka zaɓi suna a duba ko ba wanda ya riga ka, a rubuta takardar kafa kamfani da ta dokokinsa, a naɗa darakta, a raba hannun jari. Mutum ɗaya ya isa, kai ne darakta kai ne mai hannun jari, kuma ba a ce sai kana zaune a tsibirin ba. Kuɗin gwamnati tun daga Janairun 2023 dala 550 ne a shekara ga kamfanin da hannayen jarinsa ba su wuce 50,000 ba, in sun wuce ya koma dala 1,350, shi ya sa za ka ga kusan kowane ƙaramin kamfanin BVI hannun jari 50,000 cif gare shi, ba wai don wani lissafi mai zurfi ba. A kan wannan sai kuɗin ejan da na adireshi da na 'yan hidindimu, abin da zai kai ka sama da dala dubu a shekara ko da kamfanin bai taɓa sayar da allura ba.

Abin da zai iso hannunka kuwa, in ma sun aiko maka da na takarda ba ta imel kawai ba, wata 'yar jaka ce, ciki akwai satifiket guda mai hatimi, da ɗan littafin dokokin kamfani wanda kusan iri ɗaya ne da na dubban kamfanoni sai dai suna da aka canza, da rajistar daraktoci mai layi ɗaya, da takardar hannun jari, wani lokaci da ɗan ƙarfen buga tambari. Shi kenan kamfanin. Ba ofis, ba ma'aikaci, ba ko kujera. Wanda yake son ya gane haka da kyau ya tuna Satumbar 2017 lokacin da guguwar Irma ta daidaita Tortola, ta yaye rufin gidaje ta kifar da jiragen ruwa, lauyoyi suka kwashi kwamfutocinsu suka watsu zuwa wasu wurare, kotun kasuwancin ma sai da ta koma zama a Saint Lucia na ɗan lokaci, amma kamfanonin nan dubu ɗaruruwa ko gezau, don dama ba wani abu nasu da iska za ta ɗauka, dukiyarsu tana Landan da Hong Kong da sauran wurare.

Kafin a kai ga jakar nan dai sai ka sha tambayoyi, kuma nan ne tallan yake fara warwarewa. Ejan zai nemi kwafin fasfo ɗinka wanda lauya ya buga wa hatimi, da shaidar inda kake zaune kamar bil ɗin wuta ko na ruwa wanda bai wuce wata 3 ba, wasu su ƙara da wasiƙa daga bankinka, sai wani dogon fom da ke tambayar me kamfanin zai yi, a wace ƙasa, da su wa, kuɗin da za a zuba daga ina suka fito, kai ko wani naka na kusa ya taɓa riƙe muƙamin gwamnati? In ka amsa da e a wannan ta ƙarshen to ka shirya, tambayoyin ninkuwa za su yi, wasu ejan ɗin ma sai su ce ka gwada wani wurin. Kuma ba mugunta ba ce, lasisinsu suke karewa, hukumar da ke kula da su tana cin su tara in aka kama su da abokin hulɗar da ba su san asalinsa ba.

Sai maganar daraktan aro, wadda ita ce ake yi wa mutane romon baka da ita. Wai za a sa sunan wani mutum can a matsayin darakta, kai kana gefe ba a ganinka. Yadda abin yake, shi na aron yana sa hannu a takardu guda biyu ko uku tun ranar farko, ɗaya ta ba ka ikon yin komai da sunan kamfani, ɗaya ta ce hannun jarin da ke sunansa amana ce yake riƙe maka, ɗaya kuma takardar ajiye aiki ce da ba a sa mata kwanan wata ba, duk ranar da ka ga dama ka cike kwanan ka sallame shi. Akwai mutanen da aka samu sunansu a kan dubban kamfanoni ta wannan hanya ba su san ko me ɗaya daga ciki yake yi ba. Amma fa ka lura, takardar ikon da ta amanar duk da sunanka na gaskiya a jiki, kuma suna ajiye a kwamfutar wani ofis da ba ka taɓa shiga ba. Tun 2017 BVI ta wajabta wa ejan ya shigar da sunan ainihin mai kamfani a rumbun da aka tanada, hukumomin tsibirin suna iya dubawa su miƙa wa Birtaniya in ta nema, daga 2023 kuma kowa zai iya biyan ɗan kuɗi ya ga sunayen daraktoci. Irin takardar hannun jarin nan ta da wadda ba suna a jikinta, duk wanda ta faɗa hannunsa shi ne mai kamfani, ita ma an kashe ta.

Ko da doka ba ta tona ka ba, ɓera na iya fasa rumbu daga ciki. A Afrilun 2016 aka saki Takardun Panama, fayil miliyan 11.5 daga ofishin lauyoyin Mossack Fonseca, kamfanoni sama da dubu 214, kuma fiye da rabinsu a BVI aka yi musu rajista duk da sunan Panama da abin ya ɗauka. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne firaministan Iceland na lokacin, Sigmundur Gunnlaugsson, yana zaune ana hira da shi a gaban kyamara cikin raha sai ɗan jarida ya jefo masa sunan wani kamfani wai shi Wintris, wanda shi da matarsa suka mallaka a BVI, ya kuma sayar mata da rabinsa a kan dala 1 a ƙarshen 2009, nan take fuskarsa ta canza, ya yi ta kame-kame, ƙarshe ya tashi ya bar wurin, da aka nuna hirar ba a yi kwana nawa ba mutane suka cika gaban majalisa ya sauka. Nawaz Sharif, firaministan Pakistan na lokacin, shi ma kamfanonin BVI da aka riƙe wasu gidaje a Landan da su ne suka jawo shari'ar da kotun ƙoli ta sauke shi a Yulin 2017. Mossack Fonseca kanta ta rufe a 2018. An sake samun wata fallasar irin wannan a 2017, sannan Takardun Pandora a Oktoban 2021, fayil miliyan 11.9 daga ofisoshi 14. Yanzu duk mai intanet zai iya shiga rumbun ƙungiyar 'yan jaridar ICIJ ya buga suna ya duba kyauta. In shugabannin ƙasa da manyan lauyoyinsu ba su tsira ba, ban ga dalilin da zai sa wani dillali mai karɓar dala dubu ɗaya da 'yan kai ya yi maka alkawarin rufin asiri ka yarda ba.

To mu zo kan harajin, wanda shi ne ainihin abin da ke jan mutane. E, BVI ba za ta karɓi ko sisi daga ribar kamfaninka ba, tsibiran Kayman, wani yankin Birtaniyar a Karibiyan, su ma haka, su har takardar alkawari suke bayarwa cewa ko an ƙirƙiro haraji nan gaba ba zai shafe ka ba tsawon shekara 20. Amma abin da ba a faɗa maka shi ne tsibirin ya yafe nasa ne kawai, bai yafe na ƙasar da kake zaune ba, kuma ba shi da ikon yafewa. Tun 1906 kotun Ingila ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin lu'ulu'u na De Beers, wanda rajistarsa da ma'adinansa suna Afirka ta Kudu amma manyan daraktocinsa a Landan suke zama suna yanke shawara, ta ce gidan kamfani shi ne inda ake juya akalarsa, don haka ya biya haraji a Ingila. Ƙasashe da yawa a kan wannan ƙa'ida suke har yau. Kamar ka sa wa motarka lambar wata ƙasa ne amma kullum a ƙofar gidanka take kwana a titin garinku kake tuƙa ta, lambar ba za ta hana a tare ka ba. In kana zaune a falonka kana ba da umarni ta waya kana sa hannu a kwangila, to a idon hukumar harajin ƙasarka kamfanin nan yana falon tare da kai. Ƙari a kan haka ƙasashe da dama suna da dokar da ke lissafa ribar kamfanin waje da kake iko da shi a matsayin kuɗin shigarka ko ba ka cire ta ba, Amurka tun 1962 take da irinta.

Da can mutane sun san da wannan sarai, kawai sun dogara ne da cewa ba wanda zai ji labari. Wannan ƙofar ce aka rufe. Amurka ta yi dokar FATCA a 2010 ta tilasta wa bankunan duniya su riƙa kai mata rahoton asusun 'yan ƙasarta, sai OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki, ta kwaikwaya ta fito da tsarin musayar bayanan asusu da ake kira CRS a 2014, aka fara musayar bayanai a 2017, yanzu ƙasashe da yankuna sama da 100 suna ciki har da BVI da Kayman da Bahamas. Ma'ana bankin da ke riƙe da akawun ɗin kamfaninka, in kamfanin irin na ajiye dukiya ne kawai, zai leƙa bayansa ya ga waye mai shi, ya aika da sunanka da abin da ke cikin asusun zuwa hukumar harajin inda kake zaune in ƙasarku tana cikin tsarin, duk shekara, ba sai wani ya kai ƙara ba. Abin dariyar ma Amurka da ta tayar da ƙurar ita ba ta shiga CRS ba, shi ya sa kuɗi da yawa suka bar tsibirai suka koma jihohinta irin su Delaware da South Dakota, amma wannan hirar wata rana ce.

Kuma tunda an ambaci banki, wallahi nan ne wahalar take. Kamfani dai kwana biyu, akawun kuma sai ka yi wata da watanni kana aika takardu ana dawo maka da su. Babban banki da ya ga satifiket ɗin tsibiri a hannun ƙaramin ɗan kasuwa, lissafin da yake yi shi ne ɗan abin da zai samu a kanka bai kai kuɗin ma'aikacin da zai zauna yana bin diddigin kowace shigar kuɗinka ba, balle tarar da za a ci shi in ka zama matsala, sai kawai ya ce a'a ba tare da ya ba ka dalili ba. Daga nan sai dillalin ya ce ai akwai wani ɗan banki a wani tsibirin da ba ya yawan tambaya. Duk lokacin da na ji an yabi banki da cewa ba ya tambaya sai in tuna Allen Stanford da bankinsa na Antigua, mutumin da gwamnatin wurin har lambar girma ta ba shi, yana biyan ruwa mai tsoka a kan ajiya ashe kuɗin sabbin masu ajiya yake ba tsofaffi, da abin ya fashe a 2009 maganar dala biliyan 7 ake yi, a 2012 aka yanke masa shekara 110. Ga kuma FTX, kamfanin cinikin kuɗin kirifto mai hedikwata a Bahamas da ya rushe a Nuwamban 2022. Wurin da ba a tambayarka, shi ma mai riƙe maka kuɗin ba a cika tambayarsa ba.

Sai ɗawainiyar shekara-shekara wadda ta ƙaru sosai. Tarayyar Turai ta fara fitar da baƙin kundinta na wuraren ɓuyar haraji a Disambar 2017, tsibiran suka ga ba sarki sai Allah suka yi dokar da ta fara aiki a 2019, wadda ta ce in kamfaninka yana ɗaya daga cikin harkoki 9, irin su banki, inshora, ba da rance, jigilar jiragen ruwa, riƙe haƙƙin mallakar fasaha, ko zama hedikwatar wasu kamfanoni, to sai ya nuna yana da jiki a tsibirin, wato ofis na gaske da ma'aikata da kashe kuɗi da taron daraktoci a can, ko kuma ya kawo shaidar ƙasar da yake biyan haraji. Ko ba ka cikin 9 ɗin sai ka cike fom duk shekara ka faɗa. Daga 2023 kuma BVI ta ƙara da cewa kowane kamfani ya miƙa wa ejan ɗinsa taƙaitaccen lissafin kuɗinsa cikin wata 9 bayan ƙarewar shekara. Duk da haka ba su tsira daga matsi ba, Kayman ta shiga baƙin kundin Turai a Fabrairun 2020 ta fita a Oktoba, BVI ta shiga a Fabrairun 2023 ita ma ta fita a Oktoban shekarar, kuma duk lokacin da aka sa tsibiri a irin wannan jeri kai mai ƙaramin kamfani kai za ka fara ji a jikinka, bankinka zai aiko da sabon fom, kuɗin da aka turo maka ya maƙale a hanya.

Kar fa a ɗauka ina cewa duk harkar damfara ce ko haramun ce a doka, ko kusa. Buɗe kamfani a tsibiri halas ne a dokar yawancin ƙasashe muddin ka bayyana shi inda ya kamata, kuma akwai waɗanda yake yi wa amfani na gaske, sai dai abin da suke saya daban ne da abin da tallan ke nunawa. Ka ɗauka ɗan kasuwa daga Sin da wani daga Brazil da wani daga Turkiyya za su haɗa jari, ba wanda ya yarda a yi rajista a ƙasar ɗan'uwansa don in rigima ta tashi alƙalin gida zai iya karkata. Sai su haɗu a BVI, inda dokar ta samo asali daga ta Ingila, akwai kotun kasuwanci ta musamman tun 2009, ɗaukaka ƙara ta ƙarshe kuma Landan take zuwa, sannan tsibirin bai ɗora musu wani haraji na biyu a kan wanda kowa zai biya a gida ba. Haka manyan asusun zuba jari da ke tara kuɗin mutane daga ƙasashe 30 suke taruwa a Kayman, haka Alibaba da ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2014 kamfanin Kayman ne a takarda. Kotu suke saya da doka wadda kowa ya san yadda take aiki. Waɗannan suna da lauyoyi a ƙasa uku, kuɗin rajista a wurinsu ko kuɗin shayi bai kai ba.

Amma kuma ba zan wanke su tas ba. A George Town na Kayman akwai wani bene mai hawa 5 da ake kira Ugland House, ofishin wasu lauyoyi ne, binciken gwamnatin Amurka a 2008 ya samu kamfanoni 18,857 da ke amfani da adireshinsa, Obama ma lokacin yaƙin neman zaɓe ya sha yin ba'a da shi cewa ko dai shi ne gini mafi girma a duniya ko kuma babbar zambar haraji. Mutanen Kayman suka mayar masa da cewa ya leƙa wani ɗan ofis a garin Wilmington na Delaware wanda kamfanonin da ke jikinsa sun ninka haka sau goma da ɗoriya, kuma gaskiyarsu ne. Abin da ke damuna shi ne irin abin da doka ta halatta wa mai hali. Takardun Pandora sun nuna tsohon firaministan Birtaniya Tony Blair da matarsa sun mallaki wani gini a Landan a 2017 ta hanyar sayen kamfanin BVI da ke riƙe da ginin maimakon sayen ginin kai tsaye, hakan ya sa ba su biya harajin sayen gida na kusan fam dubu 312 ba, kuma ba su karya doka ko ɗaya ba. Malamin makaranta da ya sayi ɗan gidansa a wannan garin a wannan shekarar ya biya nasa cif.

Nevis kuma nata salon daban ne, ɗan tsibiri ne a ƙasar Saint Kitts da Nevis, su abin da suke tallatawa shi ne kariya daga masu bin ka bashi, an tsara dokarsu yadda wanda ya ci ka a shari'a a wata ƙasa sai ya zo can ya sake sabon faɗa, ya ajiye kuɗi mai kauri kafin a saurare shi. A takarda abin ya yi kyau. Sai dai alƙalin ƙasarka ba ya buƙatar zuwa Nevis tunda kai kana gabansa, yana iya umartarka ka dawo da dukiyar, ka ƙi ya tsare ka don raina kotu, kuma a Amurka an yi wa masu irin wannan dabara haka.

Su kansu mutanen tsibiran ban ga laifinsu sosai ba, ƙasa ce ba noma ba ma'adini, daga yawon buɗe ido sai wannan, fiye da rabin kuɗin shigar gwamnatin BVI daga harkar kamfanonin nan yake fitowa, wato 'yar dala 550 ɗinka ita ke biyan albashin nas da gyaran titi. Kuma ba wai su ba sa biyan komai ba ne, ma'aikaci a BVI ana cire masa harajin albashi, a Kayman kusan duk abin da aka shigo da shi sai an biya kuɗin fito mai nauyi, shi ya sa rayuwa can take da tsadar tsiya. Baƙon da bai taɓa taka wurin ba shi aka yafe wa.

In duk da haka mutum ya ga yana da dalili, ni dai tsarin da zan bi na juya shi ne, tsibiri ya zo ƙarshe. A fara da akanta ko lauyan haraji na ƙasar da kake zaune, a biya shi ya rubuta maka a takarda yadda dokar ƙasarku za ta kalli kamfanin da abin da za ka bayyana. Sannan a nemi bankin da ya yarda zai buɗe akawun kafin a biya kuɗin rajista. Sannan a tambayi dillali sunan ainihin ejan mai lasisi a duba shi a shafin hukumar kula da harkokin kuɗi ta tsibirin, a kuma nemi jerin kuɗin shekara ta biyu a rubuce, don farashin shekarar farko tarko ne, a ta biyu ake fanshewa, har canza ejan ma sai ka biya kafin tsohon ya saki fayil ɗinka.

A tambayi kuɗin rufewa ma tun kafin a buɗe. A BVI kamfanin da aka yi wa rajista a rabin farko na shekara yana sabuntawa ne kafin 31 ga Mayu, na rabin ƙarshe kuma 30 ga Nuwamba, ka makara tarar kashi 10 ta hau, ka ƙara makara ta koma kashi 50, daga nan a goge sunan kamfanin. Mutane da yawa in sun gaji sai su daina amsa imel ɗin ejan su ce ya mutu da kansa. To yana mutuwa kam, tun gyaran 2023 ma da an goge shi ya rushe kenan nan take, sai dai duk abin da ya rage da sunansa, gida ne ko hannun jari ko kuɗi a banki, a doka ya zama na gwamnati, kuma kafin ka farfaɗo da shi sai ka biya duk bashin shekarun da tara da kuɗin lauya, cikin shekara 5 kawai aka ba ka. Rufewa ta hanyar da ta dace kuwa sai an naɗa mai warware kamfani, ya buga sanarwa, ya tabbatar ba mai bin bashi, ya raba abin da ya saura, kuma sau da yawa kuɗin wannan aikin ya fi abin da ka kashe ranar buɗewa.